Gidan Gola

Sterling, Virginia

Zuwa ga Baffa Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. A gabanka bakina ba zai buɗe ba.

Ranar da kuka kwashe kayan marigayi Abba don sadaka, an haɗa da tsohuwar na'urar gem da kaset ɗinta na hokin ƙanƙara. Ba wanda ya tambaye ni. Tun zuwanmu ƙasar nan, da ita muke wasa ni da shi duk Asabar, in ya dawo daga aiki a filin jirgi. Don Allah a dawo mini da ita, kuma kada a buɗe kaset ɗin.

'Yarka,
Haula

*

Fort Washington

Haula,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na yi mamakin takardarki. Mahaifinki ya rasu, ke kuma damuwarki 'yan mutum-mutumi masu zamiya a kan ƙanƙara da sanduna? Kayan mamaci sadaka ake yi da su don ya samu lada. Na'urar za ta tafi Kano cikin kwantena, wurin marayu. Ba a ba da sadaka da abin da ya lalace, shi ya sa na kai ta wurin mai gyara, ya goge ta, ya sa wa kaset ɗin sabon batir. Ki riƙa yi masa addu'a.

Baffanki

*

Baffa,

Bayan gaisuwa. Addu'a ina yi, ba sai an tuna mini ba.

Wannan batir da aka cire shi ke riƙe da duk abin da aka ajiye a ciki. Abba ya kafa kulob ya kira shi Fagge, ya sa wa 'yan wasan sunayenmu da hannunsa. Ni ce a gaba, Umma a baya. Wasa ɗaya ya rage mana mu ɗauki kofi aka kwantar da shi asibiti. Ya ce kada in buga sai ya dawo, ban kuwa buga ba.

Golan sunansa Mu'awiya. Abba ya ce don ba abin da ke wuce ka.

Yanzu duk an shafe. Ladan sadakar ka samu, ni me na samu? Umma ta ce in yaga takardar nan. Na ƙi.

Haula

*

Haula,

Na kunna na'urar. Babu suna ko ɗaya. Na kai ƙara wurin mai gyaran, ya ce abin da aka shafe ba ya dawowa. Elvis, maƙwabcina, zai biyo miki da ita gobe. Ban ma san yadda ake riƙe rimot ɗin ba.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ta iso. Sai da na hura kaset ɗin yadda Abba yake yi kafin ta kama.

Na sake rubuta sunayen, har da na Abba. Gidan gola na bar shi fayau, kuma ƙwallo sai shiga take yi. Ban huce ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Rimot biyu ne. Na Abba maɓallinsa na hagu yana maƙalewa, sai an danna da ƙarfi. Idan ka yarda, zan sake rubuto maka in gaya maka Asabar ɗin da zan iya ganin wani ya riƙe shi.

'Yarka,
Haula