'Yancin da Aka Ba Hanlin

Ƙanwata Shufen,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ya yara? Mu nan birnin Foshan lafiya lau, zafi ne kawai.

Ƙungiyar ƙwallon kwandon da ɗana Hanlin yake yi wa wasa ta ce yanzu shi ɗan wasa ne mai 'yanci. Don murna har agwagwa na saya. Sai ya ce, "Baba, 'yancin nan sallama ce. Sun nemi musanya ni, ba wanda ya taya, saboda gwiwata."

Ni dai na ce ba inda za mu. Mijinki mai cewa za mu dawo gida da kunya, kada ya ji wannan.

Amma ki share min ɗakina. In ya tambaya, ki ce masara za ki zuba.

Yayanki,
Defa