Kada Ka Ajiye Keken, Yaya

Zuwa ga yayana Bashir, a Jamus. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka da kaina. Ka saba ganin rubutun hannuna, amma kullum maganar Baba ce, yana faɗa ina rubutawa. Wannan kuwa tawa ce, kuma ban shawarci kowa ba.

Abokinka Sale da ya zo hutu ya kawo mana hotonka, kana kan keke cikin dusar ƙanƙara, ka naɗe wuya da mayafi har hanci. Shi ne kuma ya yi suɓul da baka ya ce ka zame a kan hanyar kwaleji ka goce wuyan hannu. Ya ce kullum tun duku-duku kake fita, hanya ta daskare kamar gilashi, ka tuƙa har makaranta, da yamma ka tuƙa zuwa inda kake aiki.

Umma ba ta daina kuka ba sai da aka yi mata bayani. Ita ƙanƙarar da ta sani ita ce irin wadda Baba yake ɗaukowa daga masana'anta a bayan kekensa, dunƙule guda a cikin buhu da garin katako. Da ta ji a can daga sama take zubowa, sai ta ɗora hannu a ka ta ce, yaya aka yi ba ta fasa wa yaron nan kai ba? Har Sale ya kasa riƙe dariya.

Wata maƙwabciyarmu, ba zan faɗi sunanta ba, ta juya hoton ta ce ashe mutum zai je har ƙasar Turawa ya ƙare a ɗan keke kamar ubansa. Ni kuwa sai na karɓe hoton daga hannunta.

Na tuna lokacin da kake koyon keken Baba a lungunmu a nan Jidda, ƙafarka ba ta kaiwa, sai ka zura ta ta ƙarƙashin ƙarfe. Na tuna shekarar da ruwan hunturu ya cika unguwa da laka, ka ɗauke ni a gaban keken har ƙofar makaranta, farar safata ba ta ɓaci ba, kai kuwa wandonka ya jiƙe har gwiwa.

Makon jiya Abla, malamar da ke koya mana labarin ƙasa, ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa ganin dusar ƙanƙara. Babu kowa. Ni da ba na ɗaga hannu ko na san amsa, sai na ji na miƙe na ce yayana a cikinta yake zuwa makaranta. Washegari na kai hoton, ya zaga ajin benci benci. Na tsaya ina yi musu bayani, ban zauna ba sai da na gama.

Yanzu ga dalilin rubutuna. Takardar Baba za ta iso maka, a ciki ya ce halas, ya isa haka, ka dawo gida, Kawu Isa ya samo maka aikin tuƙa mota a wani gida a unguwar Abhur. Ni na rubuta ta, ban canza ko kalma ɗaya ba. Sai dai Umma na zaune a gefensa lokacin da yake faɗa. Bayan la'asar na gan shi ya zura hotonka a aljihun riga ya nufi gahwa, inda yake shan shayi da abokansa. Ƙaninmu ya ce ya nuna wa kowa, har da mai dafa shayin, yana cewa ku duba, wannan nawa ne, injiniya zai zama.

Ban isa in ce ka saɓa wa Baba ba. Ina roƙonka ka rubuto masa cikin ladabi ka nemi ya bar ka ka ƙarasa. Ina da yaƙinin zai yarda, so yake kawai ya sami abin da zai faɗa wa Umma. Ita kuma ka tabbatar mata hannun ya warke, in ya warke ɗin.

Allah ya tsare ka a kan wannan hanya, ya ɗumama maka jiki, ya riƙe ƙafafun kekenka inda ƙasa take da santsi, ya dawo mana da kai da abin da ka je nema. Amin.

In ba ka ga rashin kunyata ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka.

Ƙanwarka,
Rukayya
Jidda