Gurasa a Akwatin Kifi

Umma, gaisuwa daga Riyad. Ya ƙafarki? Ya Nagat da jinjirinta?

Lafiyata lau, kada ki damu. Wata uku ina jera duwatsu, ina dasa ciyawa da hantsaki a akwatin gilashin da maigidana ke kiwon kifin ado. Jiya na tarar ruwan ya koma kunu, ciyawar ta ruɓe, kifi bakwai sun mutu. Wari har amai! Ashe mahaifiyarsa ke zuba ragowar gurasa kullum. Da na tambaye ta, wai, "Ɗana, ni'imar Allah ce, a shara zan zubar?"

Ni aka zaga, wai in gyara kafin Juma'a ko in tattara kayana. Na buɗe baki zan rama, sai na tuna ke ma abin da tsohuwar ta ce za ki ce, na haɗiye.

A taya ni addu'a.

Ɗanki Sha'aban