Ɗana Bisa Juji

Zuwa ga Yayana a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, ina baƙunci? Mu nan Tambuwal sai godiya.

Allah ya ba ni ɗa namiji bayan ukun da muka rufe. Ranar suna liman ya raɗa mashi Usmanu. Sai Kawu Nomau na Kebbe ya ɗauki jinjirin ya aza bisa juji, wai a kira shi Ajuji yadda kakanni suka saba, don mutuwa ta zaci shara ce ta wuce.

Ni da na yi makarantar Midil, na gina soro da gumina, ɗana cikin toka da kashin awaki? Na fizgi sandar wani makiyayi na sauke ma Kawu a goshi. Na ƙara mashi a hannu, ƙashi ya ce ƙas. Jini har gemu. Sai da mutum fuɗu suka danne ni. Kawu yana kwance yana cewa, "Ɗan nema, ukun da ka hana a kai juji, suna ina?"

Yau kwana biyu jikin yaron da zafi. Yaya, ka sa malamanku addu'a, ka gaida mutanenmu na Zango. In sun tambayi sunan, ka ce Ajuji.

Ƙanenka.