Ba Zan Mayar da Ƙananan Tayoyin Ba

Yaya Basiru,

Na fita da motar bayan asuba, kada ka tashi ka ce an sace ta. Ina Tofa, wajen Malam Sabi'u mai gyaran bodi.

Jiya a bakin masallaci ka ce na lalata motar gida don na zaunar da ita ƙasa, na sa mata manyan wili. Na ji, tayar baya tana gogar madigadi, ƙarfen da ke samanta. Amma yaushe ta fara? Sai da ka danna mata buhun taki shida da ragonka a kan wannan gargadar. Ni kaɗai in na hau, ko ƙis ba ka ji.

Malam Sabi'u zai lanƙwashe leɓen madigadin zuwa ciki, taya ta samu wuri. Kafin azahar zan dawo in kai Inna asibiti, in sha Allah.

Sauran takin a ɗora wa amalanke.

Ƙananan tayoyin da ka rantse sai na mayar kuwa, Inna ta sa an tsaga su tun satin jiya, awaki ke shan ruwa a ciki. In kana so, je ka karɓo a wajensu.

Abdulmumini