Kada Ya Riga Ya San Lokacin Babanki

Zuwa ga 'yata Kerryn,

Bayan gaisuwa, ya yara? Tarin Lachlan ya lafa?

Mu lafiya lau, kar ki damu. Mun ajiye ɗakinmu mai taya da muke ja da mota a bakin wani kogi a yankin Kimberley. Wurin gwanin kyau, sai dai babanki kullum da safe kan dutse ɗaya yake ɗiban ruwa. Jiya wata dattijuwar yankin, Anti Doreen, ta ce masa, "Ɗan'uwa, kada yana lura da mai zuwa wuri ɗaya. Kwana nawa ke nan?"

Ya ce huɗu, yana dariya.

Ta ce, "To, ya riga ya san lokacinka."

Na ɓoye bokitin. Ki sa mu a addu'a, Allah ya yi muku albarka. Zan tsaya nan, ga shi can ya fita da butar shayi.

Mamanki,
Glenys