Tattabarar Baba Wilf

9 ga Yuni

Yaya Maureen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi ɓarna. Ranar Asabar na je gonar waken wani manomi, Gosling, harbin hasbiya. Na jera hasbiyoyin roba ashirin na yaudara suna fuskantar iska, na shiga bukkata a gindin shinge. Duk na rubuta a littafina: iska daga kudu, na harbo goma sha bakwai kafin ƙarfe biyu. Sai wata ta taho ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, da gudu. Na harba kafin in duba. Tana faɗawa kwata na ga zobe ya yi walƙiya a ƙafarta. Tattabarar tsere ce. Ni da kare muka nema, ba mu same ta ba.

A ranar aka sako tattabarun surukina Baba Wilf daga Faransa, su yi tseren dawowa gida. Duka sun dawo sai Duchess, wadda marigayiya matarsa ta kiwata. Kwana uku ke nan yana tsaye bakin akurki yana kaɗa gwangwanin hatsi don ya kira ta. Ko matata Glenys ban gaya wa ba.

Ƙaninki,
Neville

12 ga Yuni

Neville,

Ƙafa da sauƙi. Kai kuma shekara arba'in da ɗaya, har yanzu littafi kake gaya wa laifinka? Littafin ne zai yafe maka? Sa hularka ka je ka sami Baba Wilf. In ya zage ka, ka tsaya ka sha.

A gaida Glenys.
Maureen

15 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je. Sau biyu na wuce ƙofar kafin in shiga. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wane launi?" Na ce toka-toka, ina jin. Ya ce, "Kana jin? Shekara ashirin kana riƙe bindiga, ba ka san hasbiya da farin wuyanta ba?" Ya shiga akurki ya ja ƙofa. Glenys ta ce ba a taɓa fasa cin abincin Lahadi a gidansu ba, amma wannan karon kada in bi ta. Na kulle bindigar.

Naki,
Neville

18 ga Yuni

Neville,

Ina fata kana lafiya. Duchess ta sauka yau da safe, a rame, ba ko ƙwarzane. Dama kai ina za ka iya harbo ta?

Ka zo Lahadi, akwai gasasshen nama. In mun ci za mu je kwatar nan mu nemo wadda ka harba, mu karanta lambar zobenta mu gano mai ita. Akwai wani tsoho a wani gari yana can yana kaɗa gwangwani. Kai za ka rubuta masa, tunda ka iya rubutu.

Ka zo da takalmin ruwa.

Surukinka,
Wilf